Kofi Biyu a Gado Shida

Kofi biyu ne a kan durowar da ke gefen gado na shida, ƙananan kofunan roba masu murfi da layukan awo a jiki. Nonon da ke cikin na hagu tsinkakke ne, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, kamar ruwan wankin shinkafa. Na dama kuwa mai kauri ne, ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai, in aka girgiza shi sai ya bar shafi a jikin kofin. Duka biyun daga ƙirjin mace ɗaya suka fito, a zama ɗaya.

Matar ta rufe na daman, ta tura shi bayan flas ɗin ruwan zafi, ta ɗauki na hagun ta nufi ɗakin jarirai tana jan silifas.

A wannan sashe na asibitin ba a kiran kowa da sunanta. Nas biyu ne ke kula da jarirai ashirin da uwayensu, ina suka ga lokacin haddace sunaye? Sai ka ji an ce Gado Uku ta zo ta tatsa, Gado Tara likita na kira. Ita Gado Shida ce, kuma cikin kwana goma sha takwas sunan ya bi ta har ta fara amsa shi ko a mafarki.

'Yarta bakwaini ce. Tana kwance cikin akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake ce wa kwalba, an zura mata siririyar roba ta hanci zuwa ciki, domin ba ta da ƙarfin tsotso. Babbar Nas ta karɓi kofin, ta ɗaga shi ta duba ko ya kai layin da likita ya ce, ta zuƙe shi a sirinji, ta maƙala a bakin robar, ta miƙa wa uwar.

"Riƙe sama. Kar ki danna, zai sauka da kansa."

Gado Shida ta sani. Sau takwas take yin wannan a kowace rana. Ta tsaya tana kallon nonon yana gangarawa, tana kallon haƙarƙarin yarinyar da ke ɗagawa yana sauka. Kwana uku da suka wuce, in ta sa ɗan yatsa a tafin hannun 'yar, sai ta damƙe. Yau ta sa, hannun ya tsaya a buɗe.

Da aka ɗora ta a sikeli, Gado Shida ba ta kalli allurar ba, fuskar Babbar Nas ta kalla. Nas ɗin ta cire yarinyar, ta goge sikelin, ta sake ɗora ta. Wannan sake ɗorawar ita ce ta faɗa mata komai.

"Ta ragu da giram goma sha biyar," in ji Babbar Nas ga likitan da ke zagaye.

Likitan ya buɗa katin, ya bi layin awon da biro. "Mako guda ke nan ba ta gaba. Jikinta kuma ya fara sanyi. Ana ba ta cikakken awo?"

"Ba a taɓa fashi ba. Uwar tana da nono, har ya yi mata yawa."

Ya juyo ya dubi Gado Shida. Saurayi ne, amma idanunsa na mutumin da ya saba faɗin abin da ba a son ji. "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Jariri mai wannan girman ba shi da abin da zai rage. In zuwa jibi ba ta motsa ba, za mu canja mata abinci, mu kuma yi addu'a cikinta ya karɓa."

Ta ce to. Ba ta san lokacin da ta dawo gadonta ba.

Ba wannan ne ɗanta na fari ba. Shekara uku da suka wuce ta haifi namiji, ya yi wata biyu ya koma. Zazzaɓi aka ce a asibiti. A gida kuwa ba a ce zazzaɓi ba. Yayar mijinta, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, wadda maganarta a gidan ba ta faɗuwa ƙasa, ita ce ta ce a gaban masu ta'aziyya, cikin murya mai taushi kamar tana tausaya mata: "Wasu matan haka Allah ya yi su. Nonon ruwa ne, ba ya riƙe yaro." Babu wanda ya musa. Mijin direban babbar mota ne, a hanya yake kwana ya tashi, shi ma sunkuyar da kai ya yi. Maganar ta zauna mata a ƙirji shekara uku, tana ci da ita, tana kwana da ita.

Shi ya sa ranar da matar binciken ta shigo ɗakin, kwana goma sha biyu da suka wuce, Gado Shida ce ta fara miƙa hannu a ba ta biro. Matar ta zo ne daga jami'a da ƙaramin akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Ta ce suna nazarin nonon uwayen bakwaini, suna auna maiƙonsa da sauran abin da ke ciki, don a san yadda ya fi dacewa a ciyar da irin waɗannan yara. Ta ce ba za ta hana kowane jariri rabonsa ba, cokali ɗaya kawai take so a rana. Ta maimaita "cokali ɗaya" har sau huɗu, kafin ta fita matan ɗakin sun raɗa mata Malama Cokali. A ƙarshe, in ji ta, kowace uwa za a ba ta takardar abin da aka gani a nononta.

Takarda. Gado Shida ba ta ji sauran bayanin ba.

Ranar farko Malama ta same ta ta fara tatsa ke nan, ta ɗibi na farkon. Ta ɗaga 'yar kwalbar a hasken taga, ta rubuta lamba, ta jera ta kusa da ta Gado Biyar. Ta Gado Biyar kamar an narka man shanu. Tata kamar an wanke kofi. Gado Shida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Washegari aka yi sa'a Malama ta zo tana gab da gamawa, ta ɗibi na ƙarshen. Ta ɗaga shi a haske, ta yi murmushi.

"Masha Allah. Dubi maiƙo."

Kalma huɗu ce, ta faɗe su ne tana neman murfin biro. Amma daga ranar Gado Shida ta gane wani abu game da jikinta: na farko tsinkakke ne, mai kaurin sai can ƙarshe yake zuwa. Sai ta roƙi kofi na biyu. Na farkon yana kai layin da Babbar Nas ke dubawa, sai ta kai wa 'yarta. Na ƙarshen ta ajiye wa Malama. Ba da mugun nufi ba. Nono dai nono ne a wurinta, yarinya ta sami awonta cif, ita kuma ta sami abin nunawa.

Matsalar ita ce Malama ba ta da lokacin zuwa. Yau da hantsi, gobe bayan azahar, jibi da la'asar. Da gangan ne, wai suna son ganin yadda nono ke canjawa cikin yini. Don haka duk tatsa sai Gado Shida ta ware na daman, ko za a zo. Dokar ɗakin kuma, nonon da ya wuce awa huɗu a waje zubar da shi ake yi. Sau ɗaya a rana Malama ke ɗibar cokalinta. Sauran, Gado Shida ke kai shi bakin famfo da kanta, ta tuttular, ta sake masa ruwa ya bi rariya.

Da la'asar Yaya ta zo dubiya. Ba a barin 'yan dubiya su wuce baranda sai da izini, a nan suka zauna a benci. Ta zo da leda, a ciki akwai gwangwanin madarar jarirai, ta ajiye shi a tsakaninsu.

"Na ji an ce ta ƙara raguwa."

"Kaɗan ne, Yaya."

"Na wancan ma da kaɗan-kaɗan ya fara." Ta gyara mayafinta. "Ni ba ƙinki nake yi ba, ƙanwata. Ba ke kika yi kanki ba. Amma ba zan zauna ina kallo a sake binne wa ƙanena ɗa ba. Na yi magana da shi a waya. In an sallami yarinyar, ni zan riƙe ta har ta yi ƙwari."

"Ana gwada nonon, Yaya. Masu ilimin abin ne ke gwadawa. Gobe za a ba ni takarda."

"To, mu ga takardar."

Ta tafi ta bar gwangwanin a kan bencin. Gado Shida ta daɗe tana kallonsa. Tsoro biyu ne ke cin ta, kuma ta rasa wanda ya fi: kada yarinyar ta mutu, kada kuma ta mutu a ce ita ce sanadi.

Washegari da safe sikeli ya sake cire giram goma. Yarinyar ba ta yi kuka ba da aka ɗaga ta. Gado Shida ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta riƙe kofi a hannu ba ta buɗe murfin ba. Gado Biyar, uwar 'yan biyu, mace mai jiki da baki wadda ko a ɗakin haihuwa an ce sai da ta ba ungozoma dariya, ta miƙo hannu ta buɗe mata.

"Ki ci wani abu, 'yar uwa. Ke ma so kike a sa ki a kwalba? Babu girmanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta tatsa, ta raba kamar kullum, ta kai na hagu, ta dawo.

Wajen sha ɗaya Malama Cokali ta shigo. Yau ba ta fara da Gado Ɗaya ba, kai tsaye ta zo ta ja kujera ta zauna a gaban Gado Shida, da fayil a cinya. Fuskarta ba ta mai albishir ba ce.

"Maman Bebi, akwai abin da ya hana ni sukuni. Mata arba'in da biyu nake auna wa nono a asibitin nan. Naki ya fi na kowa maiƙo, da nisa ma. Jiya na nuna wa shugabanmu, ya ce in sake duba na'urar."

Gado Shida ta ji wani abu ya warware a ƙirjinta. Ta kama hannun kujerar. "Ya fi na kowa?"

"Ya fi na kowa. Kuma 'yarki ta fi kowace yarinya ramewa. Waɗannan biyun ba sa zama wuri ɗaya. Yarinyar da ke shan irin wannan nonon ya kamata a ce tana cika hannu. Na duba katinta, ba ta amai, ba ta gudawa. Na rasa ta inda yake bi."

"Za ki rubuta min a takarda? Cewa ya fi na kowa?"

Malama ta dube ta kamar ba ta gane tambayar ba. "Zan rubuta. Bari dai in ɗibi na yau."

Gado Shida ta miƙa hannu bayan flas ta fito da kofin. Gado Biyar, da ke goye da ɗaya daga cikin tagwayenta a ƙirji, ta yi dariya.

"Ke fa 'yar gata ce, Malama. Mu duk abin da ya fito shi muke ba ki. Ita kuwa kofinki daban ne, har ɓoye miki shi ake yi kamar naman miji."

Hannun Malama ya tsaya a kan murfin. "Kofina daban?"

"Na yarinya daban, naki daban. Ki tambaye ta."

Malama ta juyo a hankali. "Maman Bebi, nuna min yadda kike yi. Tun daga farko."

Ta faɗa mata. Ba ta ga abin ɓoyewa ba, har da ɗan alfahari a muryarta, irin na macen da ta iya karɓar baƙi. Na farko na yarinya, yana kai layi. Na ƙarshe na Malama. In ba ta zo ba, a zubar.

"Sau nawa a rana?"

"Takwas."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ce masha Allah."

Malama ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Sannan ta ja labulen gadon ta ce ta ɗan tatsa mata na farko, ko ɗigo goma ne. Ta zuƙi wannan a wani siririn bututun gilashi, ta zuƙi na kofin a wani, ta fita da sauri har ta manta akwatinta a ƙasa.

Minti ashirin ta yi. Da ta dawo ta riƙe bututun biyu a hasken taga. Na'urarta ta juya su har maiƙon ya rabu ya hau sama. A na farkon, maiƙon ɗan zare ne, sai an ƙura ido. A na biyun ya ci wuri mai faɗi, fari tas.

"Duka biyun nonon kirki ne," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Haka na kowace mace yake. Na farkon yana kashe ƙishirwa, yana da amfaninsa. Amma abin da ke sa jariri ƙiba, abin da ke ɗumama masa jiki, yawancinsa a nan yake." Ta taɓa na biyun da farce. "Ga bakwaini kuwa, wannan ne ma muke cewa a fara ba shi."

Gado Shida ta kalli bututun. Ta kalli famfon da ke kusurwar ɗakin. Kwana goma sha biyu tana tsayawa a wurin nan, tana ɗauraye kofi da kyau don kada ya yi ƙarni.

"Shi nake zubarwa," ta ce.

Gado Biyar ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Ni na kashe ta ke nan."

"Tana da rai," in ji Malama da sauri. "Kuma ki saurare ni. A ƙa'idar aikinmu, ni ya kamata in zauna a gabanki ki tatsa duka, in gauraya, sannan in ɗiba. A rubuce yake. Na ga kuna jin nauyi in an zauna ana kallonku, ga ɗakuna uku a kaina, sai na riƙa karɓar abin da aka miƙo min. Kwana goma sha biyu ina murna da lambobinki, ban taɓa tambayar yadda aka yi suka fito ba. Bakina ne kuma ya yabi kofi."

Ta fita ta kira Babbar Nas, ita kuma ta kira likita. Aka yi magana a tsaye a bakin ƙofa, gajeriya. Likitan ya rubuta sabon umarni a kati: a ba yarinyar na ƙarshen tukuna, a kowace ciyarwa, a sake awo da safe. Bai yi faɗa ba. Gado Shida ta so a ce ya yi.

Da Malama ta dawo ɗaukar akwatinta, ta tsaya tana juya fayil ɗin a hannu.

"Takardar da kika ce. Ba zan iya ba ki waɗancan lambobin ba. Ba na nononki ba ne, na rabinsa ne. Dole in soke su duka, in je in yi wa shugabanmu bayani. In kin yarda mu sake daga farko, mako biyu."

Gado Shida ta ɗaga kai ta dube ta. Da safiyar nan, da an ce ta ba da yatsa ɗaya a ba ta takardar, da ta miƙa hannu.

"Ki bar min kofin," kawai ta ce.

Ƙarfe uku aka bar Yaya ta shigo ɗakin jarirai na minti biyar, saboda likita ya ce dangi na kusa za su iya ganin yarinyar. An sa mata rigar asibiti a kan kayanta, ta yi mata kaɗan. Ta sami Gado Shida a tsaye gefen kwalbar, hannu ɗaya a sama riƙe da sirinji, ɗayan a ciki ta ƙaramar tagar, ɗan yatsanta a tafin hannun 'yar.

"Ina takardar?"

"Babu, Yaya."

"Na sani." Ba ta faɗe shi da gatse ba. Ta matso ta leƙa yarinyar, idanunta suka kawo ruwa, ta goge da bakin rigar asibitin. Sai ta lura da sirinjin. Nonon mai kauri ne, ruwan ƙwai, yana sauka a hankali fiye da na kullum, yana barin shafi a jikin robar.

"Kin ga nono," in ji ta. "Wace baiwar Allah ce ta taimaka mana? Mai 'yan biyun nan ce?"

Babbar Nas, da ke canja wa jaririn kusa ƙyalle, ta ɗago za ta yi magana. Gado Shida ta girgiza mata kai kaɗan. In aka ce nata ne, dole sai an faɗi inda yake tafiya kwana goma sha biyu. Kuma ta duba cikin ranta ta ga ba ta damu da wanda Yaya za ta gode wa ba. Hannunta ya gaji da ɗagawa, ba ta sauke ba.

"Allah ya saka mata," in ji Yaya. "Da tun farko irin wannan ake ba ta, da ba a kai ga haka ba."

"Gaskiyarki, Yaya."

Saura layi biyu a sirinjin. Ta ƙara ɗaga shi sama, ta bar ɗan yatsanta inda yake, tana jira.